Namadi da Kyasuwar da Muka Nome

Da an sallame sallar asuba, kafin sauranmu mu gama gaisawa a ƙofar masallaci, Baba Namadi ya riga ya saɓa buhu a kafaɗa, ya soke lauje a ƙugu, ya kama hanyar gonarsa ta bakin gari. Ba ya tsayawa karin kumallo. Mai ɗakinsa, Inna Sahura, ta yi magana har ta gaji, yanzu sai dai ta bi shi da kwanon kunu idan rana ta ɗaga. Yana isa zai tsuguna a kunyar farko, ya cusa hannu cikin ciyawa, ya murza ganye, ya sunsuna, sannan ya bi layi ɗaya bayan ɗaya har ya kai wani tsohon suri da ke kusurwar gabas. A gindin surin nan yake hutawa. In rani ya shigo kuma, sai ya koma kan rumfunan da ya jibge busasshiyar ciyawa, yana juya dami yana duba ko gara ta hau. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan aiki.

E, ciyawa na ce. Kyasuwa, wadda kowane manomi daga Anka har Gummi yake kwana yana tashi da takaicinta, ita Baba Namadi yake shukawa a layi, ya zuba mata taki, ya yi mata noma.

Bana ya ce zai ajiye lauje. Yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagu ya kama hanya, gwiwoyi kuma sun ƙi. Ni Muttaka, malamin firamare a tungarmu da ke kan hanyar Nasarawa Burkullu, na ɗauki alƙalami ne don in jinjina masa, amma ba zan ɓoye muku ba, da haushi na ɗauke shi. Haushin garinmu nake ji, da haushin kaina. Akwai iri a hannun tsohon nan wanda babu shi a ko'ina, kuma in bai samu mai karɓa a kakar bana ba, shi ke nan, ya tafi.

Abin ya faro ne daga wani bijimin huɗa. A wata bazara mai tsanani, lokacin da ƙasa ta zama fayau, dabbobi suna yawo a juji suna cin abin da suka samu, bijimin Namadi ya kwanta ya kasa tashi. Aka yi sauri aka yanka. Da mahauci ya tsaga tumbi, sai ga leda cunkus, da tsumma, har da guntun igiya. Waɗanda suke wurin sun ce Namadi ya daɗe yana kallon tulin ledar nan, sannan ya ce, "Wanga sa bai mutu da ciwo ba, yunwa ta kashe shi, kuma a gidana. Ni ina da rumbu, shi ba ya da." Muka ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Shi kuwa bai ɗauke ta a matsayin abin da za a zauna a kai ba.

Kakar shekarar ya shiga bin gefen gonaki da bakin rafi yana zagar kan kyasuwa cikin buhu. Ba kowace yake ɗauka ba. Ya lura akwai wadda take saurin fid da kai ta zama kara, dabba ta tauna ta tofar, akwai kuma mai yawan ganye da taushi, wadda take jinkirin fure, tana nan shar bayan 'yan uwanta sun bushe. Ita yake nema. Da ruwa ya sauka ya cuɗa irin da yashi mai laima da toka, don kada iska ta kwashe shi, ya shuka a gonarsa ta ƙetaren rafi. Kowace kaka sai ya sake zaɓen mafi kyau daga cikin abin da ya fito, sauran ya yanke tun kafin ta yi fure, ya shanya ta kwana biyu kawai yana juyawa, ya ɗaure ta tana da sauran korenta, ya ɗora kan rumfa nesa da ƙasa. Ya sa waken dabbobi a tsakani, ya dasa gamba a bakin kwazazzabo. Ba wanda ya koya masa. Mutumin nan ko sunansa ba ya rubutawa da boko.

Mu fa? Dariya muka yi masa, dariya har da riƙe ciki. A majalisar gindin durumi aka sa masa suna Manomin Ciyawa. In ya wuce sai wani ya ce, "Baba Namadi, ina labarin amfanin gona? Bana tuwon kyasuwa za mu sha ko fura?" Ni ma na yi, kuma ni ne ma mai ƙara gishiri, don ina ganin na yi karatu. Shi dai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Lahiya lau," ya wuce. Shekara bakwai yana zaɓen irin nan muna yi masa shaƙiyanci, har ya daina gaya wa kowa abin da yake yi.

A shekara ta takwas 'yan bindiga suka sa ƙetaren rafi ya gagari kowa. Namadi ya dawo da aikinsa gonar bakin gari. Ya shuka dawa da tazara mai faɗi, ya zuba kyasuwarsa a layi tsakanin kunyoyi. Kuma ya juye irin gaba ɗaya, bai rage ko cikin tafin hannu ba, domin niyyarsa ita ce ya samu mai yawa a kaka ya raba wa gari. Mu ɗin nan masu yi masa dariya, mu yake yi wa tanadi. Ciyawa na fara tasowa ciwon ƙaba ya kayar da shi, aka ɗauke shi zuwa asibitin Gummi aka yi masa aiki.

To, kun san al'adarmu. Gonar mara lafiya ba ta cika da ciyawa gari yana kallo, abin kunya ne ga kowa. Marka ta sauka, kyasuwa ta kai gwiwa, ta shanye dawar Namadi, duk mai wucewa sai ya girgiza kai. Shitu Sarkin Noma ya sa aka yi shela, aka kira gayya. Ranar Laraba da hantsi muka fito mu fiye da talatin, da hauyoyinmu, da mai gangar noma, kowa yana jin yau zai samu lada.

Mun ci kusan kashi ɗaya cikin uku sai ga Inna Sahura a guje, mayafi a hannu, babu takalmi. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta ɗaga murya ba, ranar har maƙogwaronta ya dushe.

"Sarkin Noma, ku tsaya don Allah! Wagga ciyawa shuka ta! Malam da hannunshi ya shuka ta!"

Shitu ya dogara da hauya yana murmushi. "Haba Inna, wa ya taɓa shuka kyasuwa cikin dawa? Kunya ta sa kike faɗin hakanga. Ba komi, ciwo ba laihin kowa ba na. Koma gida ki dama muna fura."

"Wallahi iri na! Ku dubi layi, ku dubi layi mana!"

Aka kwashe da dariya, mai ganga ya ƙara wuta. A tunaninmu tana rufa wa mijinta asiri ne, kada a ce ya bar gona ta lalace, don haka muka ƙara ƙaimi domin mu nuna mata ba mu ɗauke shi da laifi ba. Ta bi wannan ta riƙe masa hauya, ta bi wancan, har ta zauna a kan kunya ta rufe fuska. Zuwa azahar mun share gonar tas, mun turbuɗe ciyawar cikin ƙasa. Aka yi kwana huɗu ana rana babu ɗigon ruwa. Wahalar shekara bakwai muka binne kafin azahar, muna kiɗa muna kirari, muka kuma sha furar matar da muka ƙi saurara.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mu talatin da 'yan kai, kowa da gemunsa, kowa an haife shi a kan kunya, a ce babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi ciyawar daji ta jeru kamar sahun sallah? Mace ta faɗa mana gaskiya da bakinta, muka maida ita mai dama fura. Muna kiran abin taimako, amma ko aika mutum ɗaya Gummi a kan babur ya tambayi mai gonar ba mu yi ba, saboda mun riga mun yanke cewa mun fi shi sanin abin da ke gonarsa.

Bayan mako uku aka dawo da shi. Washegari ya dogara sanda ya nufi gona, muka bi shi a baya muna jiran godiya. Ya tsaya a bakin gonar ya duba gabas, ya duba yamma. Dawa ta yi kyau, ba ƙarya. Sannan ya juyo ya ce, "Allah shi saka da alheri. Kun sha rana." Shitu ya ce, "Ba komi Baba, yi wa kai na." Namadi ya juya ya shiga gonar. Ya taka a hankali yana dafe da mara har kusurwar gabas. A gindin surin nan akwai wani ɗan wuri da bai fi shimfiɗar tabarma ba, wanda muka tsallake ranar gayya saboda an ga kububuwa ta shige ciki. Kyasuwa tana nan tsaye. Tsohon nan da ɗinki a cikinsa ya durƙusa ya rungume ta, na ga kafaɗunsa suna rawa. A lokacin ne muka gane, muka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ba shi haƙuri ranar, kuma har yau da nake wannan rubutu gari bai ba shi ba.

Baba Namadi, kai ne wanda ya kewaye gindin suri da ƙaya, kana korar awaki da sanda alhali likita ya ce ka kwanta. Kai ne ka tara ƙwarya ɗaya tak ta iri a kakar nan, ka sake farawa daga farko ba ka zagi kowa ba. Abin da mu mutane muka kasa tsare maka, maciji ne ya tsare, kuma ko sau ɗaya ba ka goranta mana ba. Ni da ka zage mu da ya fi mini sauƙi.

Shekara huɗu ya ɗauka kafin gonar ta koma yadda take. Tana komawa kuwa sai ga ranar amfaninta. Daji ya rufe gaba ɗaya, ba mai kai dabba kiwo nesa da gari sai wanda ya gaji da ita. Kowa ya ɗaure nasa a turke, harawa ta ƙare tun tsakiyar rani, dusa ta yi wuya. A cikin wannan hali Hawwa'u ta iso bakin garinmu. Bafulatana ce, an kashe mijinta Lado a rugarsu an kore garken, ta tsira da 'ya'yanta da shanu huɗu da suka ɓace a daji ranar suka dawo da kansu. Shanun sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ita da bakinta ta ba ni labari: "Na zo ƙofar gidan Bappa Namadi ban san mi zan ce ba. Ya dubi nagge, bai dube ni ba. Ya ce in kai su gonarshi su kwana can su ba shi taki, shi kuma ya ba su abinci. Ya ce haka munka yi daidai, ba wanda ya roƙi wani." Shanun nan huɗu sun ga damina, uku sun haihu, da nononsu ta riƙe gidanta har yau.

Ba ita kaɗai ba. Mutane sun zo da amalanke daga wajen Sunke, waɗanda suke tsoron sakin awakinsu kusa da inda aka taɓa wanke ƙasar zinari saboda gubar dalma. Mu na cikin gari kuwa ba a magana. Wanda ya tambaye shi tuwon kyasuwa ya zo. Ni na zo. Shitu Sarkin Noma ma ya zo da kansa, shanun huɗarsa sun kusa kwantawa, yana ta sosa ƙeya yana kame-kame. Namadi ya hau rumfa da gwiwoyin nan nasa ya sauko masa da dami shida, ya taya shi ɗaurewa, ya ce, "Ka riƙa yayyafa mata ruwan kanwa kaɗan, sun fi ci." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kuna tsammani bayan wannan mun daraja shi? Ina! Sunan Manomin Ciyawa bai fita ba, sai dai yanzu ana faɗinsa da fara'a. Bara waɗansu baƙi 'yan wata ƙungiya suka zo da mota, sun ji labarin garin da dabbobinsa ba su mutu ba. Muka kai su gonar, muka jeru da manyan riguna, aka sa Sarkin Noma a tsakiya yana bayani, wai "mu nan mun daɗe da gane amfanin ciyawa." Mu! Mai gonar yana gefe da tsohuwar taguwarsa, har wani ya ce masa ya ɗan matsa kada ya tare hoto. Ya matsa kuwa. Ina tsaye ina ji ina gani, bakina ya mutu, kuma wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Ga inda maganar take yanzu. Kyasuwa shekara ɗaya take yi ta mutu. Kowace kaka sai an shiga an zaɓi kai da hannu, an ware mai ganye mai jinkirin fure daga wadda iska ta kawo daga daji. In aka bar ta ta zube da kanta, damina biyu ko uku ta gauraye ta koma ciyawar bakin hanya. In aka rufe irin a tulu aka manta, shi ma ya mutu. Aikin yana son ido, Baba Namadi kuwa ido ya tafi. Jumma'ar da ta wuce, bayan an sallame, ya miƙe da sandarsa ya ce, "Jama'a, ni na gaza. Duk mai son shi koyi zaɓen iri, shi same ni gona gobe da hantsi. Kyauta na, buhu kawai za shi zo da shi." Masallaci ya ɗauka da "Madalla" da "Allah shi ba da lada."

Ranar Asabar mu biyu muka je, ni da Hawwa'u. Mu biyu, a garin da babu gidan da dabbarsa ba ta ci daga rumfar mutumin nan ba! Samari sun tafi ramin zinari, manya kuma wannan yana da suna, wancan yana da kasuwa. Da gayyar nome ta aka kira, da ganga, na rantse da an cika gonar.

Bai nuna damuwa ba. Ya sa muka bi shi layi layi, yana laluben kan ciyawa da yatsu, yana miƙo mana. "Taɓa wagga. Kun ji kara ya yi tauri? Ta daji ta, ku bar ta. To taɓa wagga." Hawwa'u ta fi ni saurin ganewa nesa ba kusa ba, har tana yi mini dariya, wai malamin makaranta ya zo aji ɗaya. Da rana ta take muka zauna a gindin suri, Inna Sahura ta kawo kunu. Muna cikin sha ya juyo da fuskarsa wajena.

"Muttaka, in tambaye ka. Ranar gayya, ka ga layi ko ba ka gani ba?"

Na ajiye kwanon kunun. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da abin nan, ko matata ban gaya wa ba. Na gani. Tun kafin Inna Sahura ta iso na gani, na tsaya da hauya a sama ina kallon yadda ciyawar ta miƙe sambal, tazara ɗaya, na ce a raina wannan ba aikin iska ba ne. Sai na dubi mutane, na ji tsoron a ce ni ma na zama manomin ciyawa, na sauke hauyar a kanta.

Na ce, "Na gani, Baba."

"Na sani," in ji shi. "Innarku ta hango ka tun daga bakin hanya, kai kaɗai ka tsaya. Ta gaya min tun ina Gummi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya jawo wani ɗan buhu da ya ajiye a bayan surin, irin bara ne da ya zaɓa da sauran ganinsa, ya raba biyu, ya ba Hawwa'u rabi, ya ɗora mini rabi a cinya.

"Mutum talatin sun shiga gonar nan, ɗaya ya ga layi. Ido kana da shi, shi nike nema. Abin da ya rage, in ka gani ka faɗa, ko ana dariya."

To, Baba Namadi, na faɗa, ga shi a rubuce kowa ya karanta. Na gode, kuma na ari bakin garin da ya kasa buɗe nasa na ce mun gode, ka yafe mana. Na gode wa Inna Sahura, wadda ta faɗi gaskiya a tsakiyar maza talatin ranar da mai karatun cikinsu ya yi shiru. Namadi na Sahura, mai rumbun dabbobi, Allah ya ba ka ladan kowace dabba da ta ga damina saboda kai, ya sa a dace da aikin idon da ake shirin yi maka, ka ga gonar nan da kyau ko da sau ɗaya ne kuma.

Ku kuma mutanen garinmu, da na Bukkuyum da Gummi da Anka, duk mai akuya ko ɗaya a turke, kan kyasuwa ya fara nuna, mako biyu ya rage ta fara zuba. Tsohon yana gindin suri kowace safiya, ni da Hawwa'u muna tare da shi, hannu huɗu kuwa ba za su iya zagar gonar nan ba. Mun taɓa cika ta mu talatin a yini ɗaya, mun san hanya. Ku zo ranar Asabar da hantsi, kowa da buhunsa. Hauya kuma a bar ta a gida.